Sipin Baba da Sipin Kawu

Duk wanda ya tashi a gidan manoman shinkafa ya san sunan iri ba shi da wuyar samu. Ka shiga kasuwar Karaye ko ta Rogo gab da faɗuwar damina, ka tsaya gaban masu auna iri, za ka ji Jamila, ka ji Sipi, ka ji Wita, ka ji wasu sunayen da ba su wuce ƙauye biyu ba. Wani irin sunan wanda ya fara kawo shi garin aka laƙaba masa, wani sunan garin da aka samo shi, wani kuwa mai sayarwa ne ya raɗa masa da safiyar ranar don ya ga sunan ne ke tafiya bana. Mai saye zai ɗebi shanshera a tafin hannu, ya duba tsawonta, ya ɓare ɗaya da farce, ya tauna, ya ce a auna masa. Iyakar binciken ke nan. Sauran bayani sai bayan wata uku, lokacin da kuɗin taki da na fetur da na 'yan dashe sun riga sun shige ƙasa.

Sipin nan da muke faɗa, a takarda sunanta FARO 44. Asalinta daga Taiwan take, ta zo da lamba SIPI 692033, bakin manoma ya yar da lambar ya riƙe Sipi. Wita kuma ita ce FARO 52, wadda masu bincike suka sani da WITA 4. Cibiyar binciken hatsi ta ƙasa da ke Badeggi a jihar Neja ita ke da alhakin shinkafa a Najeriya, kuma kowane irin da aka fitar a hukumance yana da siffofinsa a rubuce: tsayinsa, kwanakin da yake yi kafin ya nuna, surar ƙwayarsa. Sai dai tsakanin Badeggi da kwanon awon kasuwarmu akwai hannaye da yawa, kuma suna ya fi irin saurin tafiya.

Mahaifina yana noman rani a gefen dam ɗin Chalawa, ta wajen Turawa a ƙaramar hukumar Karaye. Dam ɗin tun 1992 aka gama shi, ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma kuɗin makarantata kusan duk daga ruwansa suke fitowa. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana Rogo, can wajen Zarewa, inda rake da masara suka fi shinkafa suna, amma yana da 'yar fadamar da yake yi wa shinkafar damina. Shekara biyu da suka wuce Baba ya karɓi rabin buhun iri a wurinsa, a kan cewa Sipi ce tsantsa.

Reno ya yi kyau, dashe ya kama. Sai da ta fara ciki abin ya fito fili. Wasu gindin sun zarce sauran tsayi, kana hango su tun daga bakin hanya kamar 'yan sakandare a layin 'yan firamare. Wasu sun fitar da kai da wuri, suka nuna, tsuntsaye suka yi ta biki a kansu alhali mafi yawan gonar tana ɗanya shar. In ka jira na baya, na gaba ya kakkaɓe a ƙasa. In ka yanke don na gaba, na baya ya tashi ƙaiƙayi. Da aka kai inji kuma, ƙwayar ba tsawo ɗaya ba, ta yi ta karyewa, mai saye ya dubi buhun ya taya yadda ya ga dama. Takin shekarar kuwa bashi Baba ya ɗauka.

"Wannan ba Sipi ba ce, tarkace ne," in ji Baba.

Kawu a waya har muryarsa na rawa. "Haba Yaya, ni zan cuce ka? Wallahi a leda na saye ta, da hatimi da komai. Shekara uku ke nan ina ware irina da hannuna."

Umma ce a tsakiya. Tun tana cewa "Malam, ka bar maganar nan haka, ɗan'uwana ba zai yi maka algus ba," har ta gaji ta yi shiru. Sallar shekarar Kawu bai zo gidanmu ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun da na yi wayo. Kowannensu yana da gaskiyarsa a hannu, kuma babu alƙalin da zai raba, don abin da ake gardama a kai ido ba ya ganinsa.

Ni ɗan SLT ne, masu farin kwat ɗin nan da 'yan wasu sassan ke yi wa tsiyar cewa wankin kwalba muka zo koya. Na yi SIWES ɗina a wani ɗakin gwaje-gwajen tsirrai a Zariya, kuma gaskiya makonnin farko wankin kwalbar na yi. Daga baya wata ma'aikaciya da muke kira Anti ta ga ina yawan leƙen abin da take yi, ta ce in matso. A wurinta na fara ganin yadda ake tambayar ganye sunansa.

Ku yi haƙuri 'yan akanta da 'yan injiniya, zan ɗan shiga aji, amma ba zan daɗe ba. DNA dogon rubutu ne da haruffa huɗu kacal: A, C, G da T. Na shinkafa an kasa shi cikin ƙunshi 12 da ake kira kuromosom, kuma da aka kammala karanta na wani irin ƙasar Japan mai suna Nipponbare a 2005, an ƙiyasta haruffan sun kai miliyan 389. Ba dukan rubutun ne ke ɗauke da umarnin tsayi ko ƙamshi ko launi ba. A wurare da yawa sai ka tarar rubutun ya kama in'ina: GAGAGAGAGA, ko ATATATAT, 'yan haruffa biyu ko uku suna ta maimaita kansu kafin maganar ta ci gaba. Masana suna kiran waɗannan wuraren SSR, wasu su ce maikurosatalayit. Ni dai in'ina nake ce musu, kuma Anti ba ta hana ni ba.

Amfanin in'inar shi ne ba ta tsayawa a tsawo ɗaya. Duk wanda ya taɓa kwafar lambar akawun mai sifiri da yawa a jere ya san inda ake tuntuɓe: ko ka ƙara ɗaya, ko ka rage ɗaya. Haka yake faruwa jifa-jifa lokacin da ƙwayar halitta ke kwafar DNA ɗinta. Da yake yawancin wuraren nan ba su hana tsiro rayuwa in an samu ƙari ko ragi, kuskuren sai ya zauna, ya bi zuriya. Bayan dogon zamani sai ka ga a wuri guda wannan irin yana da GA sau 14, wancan yana da sau 20. Bambancin haruffa 12 ke nan, kuma ana iya auna shi. Kamar tsagar gado ce da kakanninmu ke yi wa 'ya'yansu. Tsagar ba ita ke sa mutum jarumta ko rowa ba, amma wanda ya san kan abin yana kallonta zai gaya maka gidan da ya fito. Kuma ba a duba wuri ɗaya a yanke hukunci. Sai an haɗa wurare da dama, don iri biyu za su iya dacewa a wuri guda, amma da wuya su dace a wurare ashirin in ba abu ɗaya ba ne ko 'yan'uwa na kusa sosai. Gwajin DNA na tantance uban yaro da ake ta cacar baki a kansa a Facebook, irin wannan in'inar ake ƙirgawa a jikin ɗan Adam. Tushen dabarar yana komawa ga aikin Alec Jeffreys a Jami'ar Leicester ta Ingila a 1984.

Aikin hannun kuwa ba wani tsafi ba ne. Za ka yanki ɗan ganyen tsiro, ka niƙa, ka zuba ruwan sinadarin CTAB, ka ɗumama, ka wanke da kulorofom, ka zuba barasar gwaji mai sanyi, sai DNA ya kwanta a gindin 'yar kwalbar kamar ɗigon koko. Daga nan sai na'urar PCR. Ana zuba wasu gajerun zaruruwa biyu da ake kira firaima, waɗanda aka tsara su kama gefen dama da gefen hagu na in'inar da ake nema, kamar ka sa yatsu biyu ka ware layi ɗaya a shafi. Na'urar ba abin da take yi sai zafi da sanyi: ta hau wajen digiri 94 zaren DNA ya rabu biyu, ta sauko wajen 55 firaima su kama, ta koma 72 a kwafa. Kowane zagaye yana ninka abin da ke akwai, zagaye 30 kuwa a lissafi ya haura kwafi biliyan ɗaya daga guda. Kary Mullis ne ya ƙirƙiro dabarar a 1983, ta ba shi kyautar Nobel a 1993. Sinadarin da ke yin kwafar ma daga wata ƙwayar bakteriya aka samo shi, mai rayuwa a maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Yellowstone a Amurka, shi ya sa tafasar ba ta kashe shi.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda ya fi burge ni. Ana zuba abin da aka kwafa a 'yan ramuka a bakin wani faifan jel mai kama da kamu da ya daskare, a sa masa lantarki. DNA sai ya kama tafiya zuwa ɗaya ɓangaren, gajere yana gaba, dogo yana jan ƙafa a baya. In aka kashe fitila aka haska jel ɗin, sai ka ga 'yan layuka suna ƙyalli, kowane tsiro da inda nasa ya tsaya. A gefe akwai jerin layukan da aka san tsawonsu, ana ce musu tsani, da su ake aunawa. Ranar da na fara gani sai da na ce "Kai!" da ƙarfi, Anti ta ce in rage murya ba kasuwa muke ba.

Alamomin shinkafa suna da sunaye masu farawa da RM sai lamba. Susan McCouch ta Jami'ar Cornell da abokan aikinta sun fitar da sababbi 2,240 a 2002, karatun 2005 kuma ya nuna wurare fiye da 18,000 da za su iya zama alama. Jerin haruffan firaima ɗinsu suna nan a intanet kyauta. Wato aikin da ya fi tsada an riga an yi mana shi tun wasunmu ba su fara tafiya ba.

Ragowar irin Kawu, wajen rabin kwano, tana nan a ɗakin Umma, ta hana a dafa ta kuma hana a zubar. Na ɗebo cikin hannu a wani zuwa gida da na yi, na shuka a robar fenti, na roƙi Anti ta ba ni gurbi in jel ɗinta ya rage ramuka. Ta ja mini rai kwana biyu kafin ta yarda. Tsiro 10 muka ɗauka, alama 3, ga kuma DNA na FARO 44 da ɗakin ke ajiye da shi don kwatance.

Bakwai sun tsaya daidai da FARO 44 a duka wuraren uku. Biyu sun kauce tare, layinsu iri ɗaya da juna. Ɗaya kuma ya yi nasa wuri shi kaɗai. Kafin in buɗe baki Anti ta tare ni: "Kar ka je gida ka ce ka yi bincike. Tsiro goma da alama uku ba bincike ba ne, leƙe ne." Ta ƙara da wani abin da na riƙe har yau. Wanda ya saɓa, ya saɓa, ba shi da sauran magana in dai an maimaita an ga haka. Amma wanda ya dace a wuri uku bai tabbata Sipi ba tukuna, kama da wane ba ta wane.

Akwai kuma abin da ba mu gani ba, wanda ya fi abin da muka gani faɗar magana. Kowane tsiro yana da kwafi biyu na kowane wuri, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Shinkafa kuwa yawanci kanta take yi wa barbara tun furen bai gama buɗewa ba, don haka kwafin biyu sukan zama ɗaya, a jel ka ga layi guda. In da iri biyu ne suka yi barbara a gona kwanan nan, da an sa ran ganin layi biyu a wasu tsiran, na uwa da na uba. Babu ko ɗaya. Baƙin ukun nan kowanne layi ɗai-ɗai gare shi, kuma a duka wuraren suka bambanta. Abin ya fi kama da cikakkun wasu irin ne daban suka faɗo cikin buhu. Manoma sukan ce iri ya gaji in ya shekara uku a hannu. A wannan buhun dai ba gajiya ba ce, cakuɗa ce. Hanyoyinta kuwa duk mun san su: tamfol ɗaya da maƙwabta ke bugu a kai bi da bi, injin casa da ya fito daga gonar wani bai gama zazzagewa ba, tsohon buhu da 'yan ƙwayoyi a kusurwa, gyauron bara da ya tsiro cikin shukar bana, ruwan fadama da ke kwaso iri daga gonar sama. Yana kuma yiwuwa tun a ledar farko aka zo da ita. Jel ba ya faɗar wanda ya zuba, balle niyyarsa.

Da na kai musu labari, Baba ya ce, "To ai na faɗa." Kawu ya ce, "Ni ma ban ce babu ba, Yaya, cewa na yi ban zuba ba." Can ya tuna cewa shekara biyu a jere wuri ɗaya suka yi bugu da maƙwabcinsa mai noman Jamila. Yanzu suna gaisawa, Kawu ya dawo cin tuwon sallah a gidanmu. Iri kam Baba bai sake karɓa a hannunsa ba, kuma babu wanda ya tayar da maganar.

Kada wani ya ɗauka mu kaɗai ke da wannan ciwon. Basmati ta Indiya da Pakistan tana da tsada, sai 'yan kasuwa suka riƙa cakuɗa ta da doguwar shinkafa mai araha. Masu binciken DNA a birnin Hyderabad suka tsara gwaji da irin waɗannan alamomin, a Birtaniya kuma ƙa'idar da masu harkar shinkafa suka amince da ita a 2005 ta ce baƙuwar ƙwaya kada ta wuce kashi 7 cikin 100 a abin da aka rubuta wa Basmati. A gida Najeriya ma cibiyar IITA ta Ibadan ta taɓa bin gonakin rogo, rogon ci nake nufi ba garin su Kawu ba, tana tambayar manoma irin da suka shuka sannan ta gwada ganyen. Da wata sabuwar hanyar karanta DNA suka yi, amma darasin ɗaya ne: da yawa masu cewa ingantaccen iri suka shuka na gargajiya ne a gonarsu, da yawa masu cewa na gado ne kuma ingantacce suke nomawa ba su sani ba. Ka ga duk lissafin da aka ɗora a kan amsar baki, na hukuma ne ko na furojet ɗin ɗalibi, yana tsaye ne a kan ƙasa mai laushi.

Hukumar kula da irin shuka ta ƙasa, NASC, tana da tsarin tantancewa, har da lambar da ake kankarewa a jikin leda a tura ta waya. Abu ne mai kyau ga wanda ya sayi leda. Amma a Karaye da Rogo mafi yawan irin da na ga ana shukawa bai taɓa shiga leda ba. Daga rumbu yake zuwa kwano, daga maƙwabci zuwa suruki, kuma amana ce kaɗai hatiminsa.

Tantance suna rabin aikin alamomin ne. Ɗaya rabin shi ne kiwon sabon iri, kuma a nan ne abin ya shafi duk mai gona a bakin ruwa. In za ka yi wa baƙo kwatancen gida a ƙauye, ba ka ba shi lamba, cewa kake yi gidan da ke jikin kuka. Kukar ba gidan ba ce, amma in ya same ta ya iso. Haka in wata in'ina tana zaune daf da ƙwayar gadon da ake so, yawanci tare ake gadonsu, sai mai kiwon iri ya bi kukar. Akwai wata tsohuwar shinkafar manoman Odisha a Indiya, FR13A, wadda ba ta da yawan amfani amma tana iya yin kusan mako biyu a ƙarƙashin ruwa ta tashi. Dabararta ita ce ta lafe. Sauran shinkafa in ruwa ya shanye su sai su yi ta miƙewa suna neman iska har ƙarfinsu ya ƙare, ita kuwa sai ta tsaya cik ta adana abincinta har ruwan ya janye. David Mackill da Kenong Xu suka gano cewa sirrin yana kan kuromosom na 9, aka sa masa suna Sub1, a 2006 kuma tare da Pamela Ronald suka bayyana ainihin ƙwayar gadon. Daga nan aka haɗa mai jure ruwan da irin da manoma ke so, ana mayar da 'ya'yan ga irin manoman sau da sau. A kowane zagaye ana duba ganyen tsirai tun suna ƙanana, a zaɓi wanda ya ɗauko Sub1 amma a sauran wurare ya fi kama da irin da ake so. Ba sai an jira sun girma an nutsar da su duka ba. Indiya ta fitar da Swarna-Sub1 a 2009. Najeriya kuma a 2017 ta fitar da FARO 66 da FARO 67, aikin cibiyar AfricaRice da Badeggi, waɗanda aka gina a kan FARO 52 da FARO 60.

To ga inda gizo ke saƙa. Da gangan aka yi FARO 66 ta yi kama da uwarta Wita. A tafin hannu ba mai raba su, ko shekara nawa ya yi yana noma. Manomin da ya ga abin da ambaliyar 2012 da ta 2022 suka yi, ya ƙara kuɗi ya sayi "mai jure ruwa" a kwano, ba zai san abin da aka auna masa ba sai ranar da ruwa ya hau gonar. Ranar kuwa sanin ba shi da sauran amfani. Ganye ɗaya da alama ɗaya ko biyu za su iya ba shi amsar tun kafin ya yi reno.

Na san wani zai ce ai wannan shi ne GMO ɗin da ake faɗa. Ba shi ba ne. Gardamar waken SAMPEA 20-T da masarar TELA gardama ce daban, kowa yana da ra'ayinsa a kai. A nan ba a dasa wa shinkafa komai daga wata halitta ba. Barbara ce irin wadda aka saba tsakanin shinkafa da shinkafa, alamar kuwa karatu kawai take yi.

Ba kuma ina cewa jel zai maye gurbin idon manomi ba. Alama ba ta gaya maka ko irin zai tsiro. Wannan ƙwaya 100 a jiƙaƙƙen tsumma na mako guda ya ishe ka, ko ƙanwata ta iya. Ba ta hana cakuɗa. Abin da ke hanawa shi ne ware gefen da za a ɗebi iri, a bi shi a tuge duk gindin da ya fita daban kafin ya yi fure, a yanke shi daban, a buge shi daban a kan tamfol mai tsabta. Sannan jel ɗin agaros da muka yi amfani da shi ba ya raba layukan da bambancinsu haruffa biyu ne ko huɗu, sai an koma wani jel ɗin da ya fi shi laushin gani da wahalar haɗawa. Manyan ɗakunan gwaji na duniya ma yanzu sun fi karkata ga alamomin SNP, masu duba canjin harafi ɗaya a dubban wurare lokaci guda. Amma a ganina wannan bai rage wa SSR daraja a wurinmu ba. Abin da take buƙata na'urar PCR ce, da tankin jel, da firiza, da wutar da ba za ta ɗauke a zagaye na 17 ba, da kuma hannun da ya iya riƙe fifet. Hannun nan shi ake horarwa a foliteknik. Wutar aikin 'yan lantarki ne da solarsu, ajiye bayanan aikin 'yan kwamfuta ne. Duk shekara muna rubuta furojet a kan abubuwan da aka maimaita har sun gaji, alhali ga tambaya a ƙofar gida: Jamilar Karaye da Jamilar Kura abu ɗaya ne? Sipi nawa ake sayarwa da sunan Sipi tsakanin Yammedi da Fulatan?

Kafin a kai ga na'ura akwai abin da ya fi gaggawa, kuma ba ya cin kuɗi. Layi a jel ba shi da ma'ana in babu abin kwatance, kuma wasu abubuwan kwatancen suna ɓacewa. Kakata tana yawan zancen wata jar shinkafa da suke nomawa a fadama, mai wuyar surfe, mai riƙe ciki tun safe har la'asar. Yau in ka nema a unguwarmu sai ka sha yawo. Afirka tana da shinkafarta ta kanta, Oryza glaberrima, wadda aka fara nomawa a fadamun kogin Neja cikin Mali ta yau wajen shekara 3,000 da suka wuce, tun kafin ta Asiya ta iso. Ba kowace jar shinkafa ce ita ba, kuma alamomin nan suna iya rabewa. Ita Monty Jones ɗan Saliyo ya haɗa da ta Asiya aka samu NERICA, aikin da ya ba shi babbar kyautar abinci ta duniya a 2004, kuma NERICA 1 ita ce FARO 55 a wurinmu. Xa21, ƙwayar gadon da ke kare shinkafa daga wata cutar ƙunar ganye, daga shinkafar daji ta Mali aka samo ta. FR13A ɗin ma ai irin talakawan manoma ce da ba wanda ya damu da ita sai da aka buƙace ta. AfricaRice tana ajiye da samfuri fiye da 20,000 a rumbunta na M'bé a Kwaddibuwa, akwai kuma rumbun ƙasa na NACGRAB a Ibadan, amma abin da ke cikin tukunyar wata tsohuwa a Rogo sai wanda ya san ƙofar gidan ne zai iya ɗebo shi.

Don haka ga roƙona ga 'yan Karaye da Rogo da ke makarantar nan, da ma na Kiru da Gwarzo in sun ga dama. In kun je hutu, ku ɗebo mini cikin cokali uku na kowace shinkafar da ake shukawa a wajenku. Shanshera nake so, ba wadda aka turara ko aka cashe ba, don waɗannan ba sa tsirowa. A sa a ambulan ɗin takarda, ban da leda, leda tana riƙe laima. A baya a rubuta sunan yadda mai ita ya faɗa, ko da sunan ya ba ku dariya, da garin, da shekarar da aka girbe ta, da inda shi ma ya samo irin, da ko ta tudu ce ko ta fadama. Ku nemi izinin mai ita, ku gaya masa abin da za a yi da ita. A ajiye mini a ofishin ƙungiyar ɗaliban sashenmu. Zuwa yanzu ambulan 23 ne a akwatina. Shida daga ciki Sipi aka rubuta musu, kuma biyu a cikin shidan ko da ido tsawon ƙwayarsu ba ɗaya ba ne.